Hanyar da Yaya Ya Kasa Gogewa

Ku matso kusa, 'ya'ya da jikoki, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunne. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba. Labarin mutum zan ba ku, wanda kuka sani, wanda waɗansunku suka ɗauka a kafaɗa suka kai shi makwancinsa. Ina so ku riƙe shi yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa, don in na bi bayansa babu mai faɗa muku.

Ranar da Yaya, babban wana, ya rasu, rabin unguwarmu Briqueterie ta nan Yaoundé ta tsaya. Masu kilishi suka lulluɓe teburansu, teloli suka ɗage ƙafa daga keken ɗinki, 'yan moto masu haya suka jera baburansu tun daga ƙofar gida har gangaren da ke fita kasuwar Mokolo, taksi ma sai ya juya ya nemi wata hanya. Wani tsohon mahauci ya zauna bakin kwata yana share ido da hularsa, yana cewa duk wanda ya tafi arewa a unguwar nan Yaya ne ya nuna masa inda zai bi, ga shi yau ya kama tasa hanyar bai yi shawara da kowa ba. Matar Yaya ba ta yi kururuwa ba. Ta riƙe tabarau ɗinsa a cinya, tana goge shi da bakin mayafi, ta ajiye, ta sake ɗauka.

A cikin gida kuwa, tsakanin matan da suka zo gaisuwa, magana ɗaya ce ke yawo ƙasa-ƙasa. Wannan ta raɗa wa waccan: "Auta za ta zo kuwa?"

Da aka yi masa salla, Liman ya juyo ya roƙi jama'a, duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Maza suka amsa baki ɗaya sun yafe. Ɗana ya shigo ya gaya mini, yana so ya sanyaya mini zuciya. Na ce masa, duk bakunan da suka amsa Yaya bai yi musu komai ba. Bakin da yake jira yana can bisa dutse, bai iso ba.

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: Yaya, ni, sai Auta. Kakanninmu fataken goro ne daga ƙasar Kano, amma mu duka a unguwar nan aka yanke mana cibiya. Mahaifinmu ya so Yaya ya gaji rumfa, shi kuwa tun yana saurayi babur ya sace masa hankali. Ya yi shekaru yana kai tufafi da kayan gyara arewa, lokacin da hanya duk jar ƙasa ce. Ya bi ta Foumban ya hau Banyo, ya bi ta Tibati, ya sauka gangaren nan na bayan Ngaoundéré da direbobi ke karanta duk addu'ar da suka sani, har duwatsun Kapsiki ya kai. Da gwiwa ta gaza, ya buɗe gareji, ya zauna.

A garejin nan ne aikin da aka san shi da shi ya same shi. Masu manyan babura suka fara zuwa gyara: Turawa masu yawon ganin ƙasa, likitoci, ma'aikatan ofis da ke son hawan dutse in sun sami hutu. Mutum ya zo canza taya, sai ya tambayi hanya, sai yamma ta yi suna kan tebur. Teburin yana can ƙurya, da littattafan matafiya na Faransanci da ya ɗaure da robar tayar babur, da taswira da ta sha liƙi. Daga baya wani baƙo ya bar masa GPS, 'yar na'urar nan mai zana wa mutum layin da zai bi. Kada ku ce tsoho ya ƙi ta. Ya so ta kamar jikarsa. Ya ɗinka mata jaka wurin tela. Wata rana sun yi gardama da ita kan nisan wani gari, matafiyi ya je ya dawo ya ce na'urar ce da gaskiya. Yaya ya yi dariya har da tari, ya ce: "To, yarinyar nan ta fi ni. Daga yau ita ke auna nisa, ni in auna damina."

Haka suke raba aikin. Littafi ya faɗi abin da za a gani, na'ura ta ja layi, shi kuma ya faɗi wace gada ce ta itace, wane gari ake samun mai, wace kwana ce hazo ke rufewa da safe.

Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ke jira. Ba ya ba mutum hanyar dutse sai ya ga ya tayar da babur ɗinsa daga ƙasa shi kaɗai. Na taɓa kawo masa abinci na tarar da wani babban likita daga unguwar Elig-Edzoa, mai tumbi, da sabon babur yana ƙyalli.

"Dokta, kwantar da shi ƙasa."

"Baba, sabo ne fa. Ko fenti bai karce ba."

"Dutse ba ya tambayar sabo. Kwantar."

Ya kwantar. Da ya zo tayarwa, ya yi nishi, ya yi gumi, babur ko motsi. Mai kilishin da ke gefe ya ce: "Dokta, a kira maka nas ta kama maka?" Aka fashe da dariya. Yaya bai yi dariya ba. Ya nuna masa yadda ake juya wa babur baya, a durƙusa, a tura da ƙafafu. Sai da likita ya yi mako yana zuwa kafin a buɗe masa taswira.

Kuma ba ya fara hanya daga inda za a tashi. Daga masauki yake farawa. Yakan ɗora yatsa ya ce: "Nan za ka kwana. La'asar ta same ka a nan. Yanzu mu koma baya mu ga ta ina za ka zo." In babu gidan da ya amince da shi a wuri, komai kyan da littafi ya ce wurin yana da shi, ba ya aika mutum.

Alherinsa ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Akwai telan da aka aiko wa mahaifiyarsa tana jinya a wani ƙauyen dutse, tsakiyar damina, motoci sun daina shiga. Yaya ya rufe gareji, ya cire tayoyin babur ɗinsa ya ɗaura wa na telan, ya zana masa hanya, ya bi garuruwan da waya ɗaya bayan ɗaya yana cewa ga yarona nan tafe. Telan ya sami mahaifiyarsa da rai. Shi ne ya ɗinka likkafanin Yaya, ya ƙi barin kowa ya taɓa.

To, yanzu ku gyara zama, mun zo wurin da ke da nauyi.

Auta ta yi aure a wani ƙauye bisa dutse, bayan Banyo. Mijinta mutum ne mai sanyin hali, yana da 'yan shanu da gonar masara, ba shi da yawa, ba ya roƙo. Yaya ya daɗe yana tunanin yadda zai taimake su ba tare da ya miƙa wa suruki kuɗi a hannu ba, don ya san ba zai karɓa ba. Sai dabara ta zo masa. Ƙauyen yana kan wata hanya mai kyau, in ka tsaya ƙofar gidansu kana ganin gajimare a ƙarƙashinka. Ya mai da gidan masauki. Duk wanda zai bi ta can, sai ya ɗora yatsa ya ce nan za ka kwana, gidan ƙanwata ne, ka biya mai gida kamar yadda za ka biya otel. Ya sa wurin a na'ura, ya zuba wa baƙi a nasu.

Baƙi suka fara sauka. Mijin Auta ya gina musu ɗaki. Da safe in baƙo ya ciro kuɗi, sai ya mai da hannuwansa baya ya ce: "Baƙon Yaya ne. Allah ya kiyaye hanya." Wa zai karɓi kuɗin kwana a hannun wanda yayan matarsa ya aiko? Ya kuma hana Auta karɓa. Baƙi suka rasa yadda za su yi, sai su bar abin da ke hannunsu: wannan ya bar tanti, wancan fitila, wani ya aiko da faifan nan mai kama hasken rana aka ɗora bisa rufi yana walƙiya, ana hango shi daga dutsen da ke ƙetare. Yawancinsu arewa suke wucewa, ba sa dawowa ta Yaoundé. Waɗanda suka dawo suka ce mai gida ya ƙi kuɗi, Yaya ya ce kunya ce ta ranar farko, zai saba. In ya kira waya ya ce, "Baƙi suna sallamarku dai?" sai suruki ya ce: "Alhamdu lillahi, Yaya, ba mu da abin cewa."

Cikin baƙin akwai mai rubuta littafin matafiya. Ya sa gidan a littafinsa, da hoto. Yaya ya zaga kasuwar Mokolo da shafin a buɗe yana nuna wa abokansa. Ni ma ya kawo mini. Ban iya karatu ba, amma na gane turmin Auta a ƙofar gida.

Abin da mutanen dutse suka gani daban ne. Sun ga manyan babura suna kwana a gida ɗaya, sun ga rufi yana walƙiya. Magana ta yi ta tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa har ta isa kunnen mutanen daji, masu ɗaukar mutum su nemi fansa. Ranar wata kasuwa, da rana tsaka, suka tare mijin Auta yana komawa gida. Suka aiko cewa a kawo kuɗin Turawa.

Babu kuɗin Turawa. Aka sayar da shanun duka. Yaya ya sayar da baburansa da rabin kayan gareji. Sai da damina ta wuce suka sako shi, ƙafafu a kumbure, ƙirji yana kuka. Bai ga azumin shekarar ba.

Muka hau mota muka je gaisuwa, ni da Yaya. A ɗakin takaba, gabana, suka yi maganar da ba su sake yin wata bayanta ba.

Yaya ya ce: "Auta, abin da baƙi suka riƙa bayarwa, ba a ajiye komai ba?"

Ta ɗago ta dube shi. "Ka san abin da baƙinka suka ci, Yaya? Kajina. Da suka ƙare, awakina. Wata shekara har ragon layya."

"Ba su biya ba?"

"Baƙinka ne."

Ya dafe kai. Can ya ce: "Me ya hana ku faɗa mini?"

"Me ya hana ka zuwa ka gani? Kai da ka san kowace kwana ta dutsen nan."

"Kin san ba na kwana gidan suruki."

"Shi ma ba ya karɓar kuɗin baƙon suruki. Kun yi wa juna kunya, kun gama. Ni ce na rasa miji." Ta juya fuskarta bango.

Yaya da ya dawo Yaoundé ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya ɗauka abin kamar dā ne. A zamaninsu in hanya ta ɓaci, sai a faɗa a gareji, a faɗa a tasha, magana ta zaga, hanya ta mutu. Ya goge gidan daga na'urarsa, ya ce ya janye. Bayan wata biyu aka aiko cewa wasu baƙi sun sauka gidan Auta, tana cikin takaba. Ya kira ɗansa, wanda ke taya shi aikin gareji, ya ce yaya aka yi.

"Baba, layin ya haihu. Wanda ka ba shi ya ba wani, wani ya sa a intanet. Yana cikin wayoyin mutanen da ba ka taɓa gani ba."

"To a bi su a goge."

"Ba a iya bi, Baba."

Bai yarda ba. Ya sa aka nemi masu littafin, suka cire shafin a sabon bugu, amma tsofaffin suna nan ana sayarwa bakin titi. Duk inda ya ga ɗaya sai ya saya, ya yage shafin, ya mayar wa mai sayarwa kyauta. Ya daina aika kowa gidan mutum, sai garin da ke da otel, ko da hanyar ta fi tsawo ta fi muni. Masu zuwa suka ragu. Ya koma zama a gidajen mai da sandarsa. In ya ga babur da kaya a ɗaure, sai ya dafa sanda ya tashi, ya ce wa mai babur da Faransanci: "Mesiye, don Allah, in ga na'urarka." Wasu su nuna. Wasu su ɗauka ɓarawo ne. Wani ya ture shi ya faɗi kan gwiwar nan mai ciwo, 'yan moto suka kawo shi gida. A unguwa aka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Tsufa bai taɓa shi ba. Ni na san abin da yake nema.

Ita kuwa Auta ta ƙi barin gidan, don kabarin mijinta yana bayan gona. Baƙi ba su daina zuwa ba. Sun ragu, amma in rani ya yi sai ta ji ƙarar inji yana hawowa, ga mutane da fara'a, suna nuna mata hoton ƙofarta. Ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Ta ba su ruwa, ta share ɗaki, ta kwana ido biyu tana sauraron daji. Yaya ya aika buhun shinkafa, ya dawo a motar da ta kai shi. Ya kira, ba ta ɗauka. Ni na yi magana har na gaji. Takan ce: "Yaya ƙarama, mu yi wata hirar."

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum na shiga tambayarsa ɗaya ce: "Ta kira?" In ce ba ta kira ba. Ya gyaɗa kai, ya rufe ido.

Bayan rasuwarsa, ranar sadakar uku, Auta ta iso, da ƙurar hanya a mayafinta. Ta gaishe da matar Yaya, ta yi addu'a yadda ake yi, ta zauna kusa da ƙofa. Matar Yaya ta kama hannunta za ta yi magana, sai muka ji ƙarar manyan babura a waje.

Ƙungiyar masu hawan dutse ce ta zo gaisuwa, likitan nan ne shugabansu yanzu. Maza suna zaune a rumfa, labule kawai ke tsakaninmu, muna jin komai. Likita ya yabi Yaya har muryarsa ta karye. Sa'an nan ya ce sun yanke shawara, don kada a manta da shi, kowace shekara za su yi tafiya da sunansa, su da yawa, su bi tsohuwar hanyarsa ta Banyo. Ya ce ba su san dalilin da ya sa Baba ya daina bayar da ita ba, don ita ce mafi kyau, kuma akwai wani gida bisa dutse da aka yi musu karamcin da ba su taɓa gani ba. Can za su sauka.

Ɗan Yaya ya san komai. Amma baƙi ne, sun zo yi wa ubansa gaisuwa, manyan mutane, gaban jama'a. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "To. Madalla. Mun gode."

Auta ta miƙe. Na kama bakin zaninta, ta zare. Ta ɗaga labule ta tsaya gaban maza, abin da mace ba ta yi a zaman makoki.

"Dokta, ka gane ni? Ni na dafa maka kazar."

Ya miƙe da murna zai gaishe ta.

"Zauna, ɗana. Ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. Saboda saukarku aka ɗauke mai gidan. Ya mutu. Wanda kuka zo wa gaisuwa ya ƙare kwanansa yana bin gidajen mai don kada wani ya sake zuwa. Shi ya ji kunyar faɗa muku, yaron nan ma ya ji. Ni tawa ta ƙare. Kada ku zo. Ku gaya wa na bayanku kada su zo."

Likita ya sunkuyar da kai, ya cire tabarau. Liman, da ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi gyaran murya ya ce: "Baiwar Allah, kin faɗi gaskiya. Saura ɗaya. Ɗan'uwanki yana kwance inda ba ya iya roƙo da bakinsa. Ki yafe masa."

Auta ta juya wajen Liman. Ta ce:

"Malam, na nemi kalmar nan tun daga Banyo har nan. Ban same ta ba. In na faɗa yanzu, don idon mutane na faɗa, Allah kuma ya sani. Ku roƙa mini."

Ta saki labule ta dawo ta zauna.

Ga yadda aka ƙare. Likita da mutanensa sun fasa tafiyar, an ce sun rubuta gargaɗi a duk inda suka san layin yana yawo. Ko ya isa ko'ina, ban sani ba. Matar Yaya ta gama takaba ta koma wurin 'yarta. Ɗansa yana riƙe da garejin, yana gyaran babur, amma in aka tambaye shi hanya sai ya ce bai sani ba. 'Ya'yan Auta sun kwance rufin ɗakin baƙi, sun koma cikin gari, suna hawa gonar da damina.

Auta ba ta koma ba. Ƙafarta ta kumbura bayan makoki, na ce ta zauna wurina ta warke, har yau tana nan. Muna cin abinci kwano ɗaya. In na yi wa Yaya addu'a bayan salla takan ce amin, tana kuma ba da sadaka ranar Juma'a, ba ta faɗin don wa. Kalmar dai ba ta fito ba, ni kuma na daina tambaya.

Allah ya jiƙan Yaya, ya duba niyyarsa. Ni na yafe masa, amma ni bai yi mini komai ba, tawa ba ta da nauyi. Mai nauyin tana ɗakin nan na kusa, kuna jin tarinta. Mu biyun duk mun tsufa.